Damina a Gidan Manomi: Abin da Dogon Hutu Yake Tararwa a Ƙauye

Makarantunmu suna rufewa domin dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, a koma a wajen tsakiyar Satumba. Waɗannan makonni shida ko bakwai su ne tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa a gona, hatsi kuma ya fi ƙaranci a rumbu. Ɗalibin birni yana da gaskiya idan ya kira shi hutu. Ɗan ƙauye kuwa biro yake ajiyewa ya ɗauki fartanya. Da yake ɗalibanmu da dama daga ƙauye suke, waɗansu kuma ba su taɓa kwana a can da damina ba, mun ga ya kamata mu bayyana yadda gidan Kirista manomi yake tafiyar da rayuwarsa a wannan lokaci, da kuma inda ikilisiya take shiga ciki. Za mu ɗauki misali da ƙauyukan Hausawa Kirista na kudancin Jihar Katsina, wajajen Malumfashi da Kafur, da na ƙasar Zazzau, wajajen Ikara da Makarfi. Ɗalibin da ya fito daga Filato ko Gombe zai ga abubuwa da yawa da ya sani, ko da yake sunayensu dabam ne a harshensa.

Kakannin yawancin mutanen nan Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. Bishara ta iske su ta hannun masu mishan da masu bishara 'yan ƙasa, kuma jama'a da yawa sun karɓe ta a shekarun 1970 da 1980. Yau akwai ikilisiyoyin ECWA da Angilikan da Katolika da Baptis a cikinsu. Zamansu ba irin na gari ba ne, inda gida yake manne da gida. Manyan gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowanne da sunan wanda ya kafa shi, kowanne kuma yana iya ɗaukar mutum talatin ko fiye. Da rani kana tsaye a ƙofar gida ɗaya kana hangen uku ko huɗu. A watan Agusta kuwa dawa da masara sun rufe ko'ina, baƙo yana iya wuce ƙofar majami'a bai gan ta ba.

Wanda yake so ya gane rayuwar irin wannan gida, dole ya fara sanin kalmomi biyu, gandu da gayauna. Gandu shi ne babbar gonar gida, wadda take hannun maigida. Shi da ƙannensa da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, a nan suke aiki tare da safe, daga nan kuma ake cika rumbun da ke ciyar da gida. Daga gandu ake biyan sadakin saurayi, da kuɗin asibiti, da kuɗin makaranta. Gayauna kuwa 'yar gona ce ta mutum shi kaɗai, wadda yake nomawa da yamma bayan an tashi daga gandu, ko a ranar da maigida ya ware domin haka. Abin da ya fito daga gayauna na mai ita ne. A ƙauyukan nan mata ma suna noma, suna da gayaunarsu, da yawa kuma suna da nasu ƙaramin rumbu. Wannan al'ada tun daga kakanni take, kuma za mu ga amfaninta a gaba, gama sau da yawa rumbun uwa ne yake fitar da gida daga watan Agusta.

Gaskiya ne gandu ba shi da ƙarfin da yake da shi a dā. Gonaki sun rarrabu saboda gado, samari suna so su riƙe nasu da wuri, waɗansu sun tafi Kaduna ko Abuja neman kuɗi. Wannan ne ya sa dawowar ɗalibi gida a watan Yuli ba ƙaramin abu ba ne. Maigida ya riga ya lasafta da hannunsa tun kafin a rufe makaranta.

Rana tana farawa da ƙararrawa. A ƙauyuka da yawa ƙararrawar tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a bishiya, mai bishara ko wani dattijo ya buga ta tun da sauran duhu. Waɗanda suke kusa sukan taru a majami'a domin addu'ar safe: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu kaɗan daga Littafi Mai Tsarki, addu'a, a watse. Da damina ba a jan ta, domin kowa ya san sanyin safiya shi ne rabin aikin yini. Gidajen da suke nesa sukan yi tasu a tsakar gida. Daga nan a ci ɗumamen tuwon jiya ko a sha koko, maza su saɓa fartanya su tafi. Mata su yi shara, su ɗebo ruwa, su yi surfe, su aika yaro da hatsi wurin injin niƙa, su ɗora tukunya. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya sai a ga 'yan mata a kan hanyar gona da ƙwarya ko bokiti a kai, suna kai wa manoma kunu ko fura ko dambu. Idan uwa ta gama wannan duka, sannan ta ɗauki tata fartanyar ta nufi gayauna da goyo a baya.

Ƙananan yara ma da nasu aikin. Tun da aka yi shuka an ɗaure awaki da tumaki a turke, gama akuyar da ta kuɓuce ta shiga gonar maƙwabci tana iya ɓata zumuncin shekara ashirin. Dabbar da ke turke kuwa sai an kawo mata abinci. Saboda haka yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yana da laujensa da buhunsa, safe da yamma yana yankan ciyawa. Wanda ya fi shi girma yana kiwon shanun huɗa, ko yana jan igiyarsu a gaban garma. Da dare, bayan tuwo, gidan da ya saba yakan yi addu'ar iyali. A nan ne ɗalibin sakandare yake da daraja, domin shi ake miƙa wa Littafi ya karanta a hasken tocila ko na waya, kakarsa tana gyara masa inda ya yi tuntuɓe a Hausa, ita da ba ta taɓa shiga aji ba amma ta haddace wurin da ka.

To, wane aiki ne ɗalibi yake tararwa a gona? An riga an yi shuka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, an yi noman firi, wato noma na farko. Abin da ya rage masa shi ne maimai, da zuba taki, da huɗa. Huɗa ita ce tara ƙasa a gindin shuka domin ta tsaya da ƙarfi, kada iskar hadari ta kwantar da ita, ruwa kuma ya bi kwarin kunya ya wuce. Mai shanu yana gamawa cikin kwana biyu abin da mai garmar hannu zai yi mako yana yi. Taki kuwa shi ne babban ciwon kan maigida. Masara, wadda yanzu ta kori gero daga gonaki da yawa a wannan yanki, ba ta yi sai da taki. Malaman gona sukan ba da shawarar kamar buhu 8 na NPK 15-15-15 da buhu 2 zuwa 3 na yuriya ga hekta ɗaya, kowane buhu kilo 50, a zuba na farko cikin makonni biyu bayan shuka, yuriya kuma a wajen mako na biyar ko na shida. Ƙalilan ne suke iya sayen haka. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri da na kayan gona suka tashi, manoma da yawa suka rage masara suka koma ga dawa da waken soya, waɗanda ba su da cin taki kamarta. Idan ka ga gona ganyenta ya yi rawaya a Agusta, kada ka ce mai ita rago ne. Yawanci buhun yuriya ne ya gagare shi.

Akwai abokan gāba biyu da ya kamata ɗalibin da ya yi darasin aikin gona ya taimaki gidansu a kansu. Na farko ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Furensa yana da kyan gani, amma kafin ya fito sama ya riga ya kama saiwar dawa ko masara a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ta. Tsiro ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubbai, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran hatsi. Don haka a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a fitar da shi daga gona a ƙone, ba a yar a kwarin kunya ba kamar yadda ake yi da sauran ciyawa. Juya shuka da waken soya ko auduga yana rage shi, haka ma takin gida, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin masara mai jure masa. Na biyu tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016. Ana gane ta da ramuka a ganye da kashinta mai kama da dusa a cikin zuciyar shuka. Maganinta yana ci idan an fesa tun tana ƙarama, da sassafe ko da yamma. A nan muna da gargaɗi. Yawanci ɗan makaranta ake ba injin feshi, domin shi ne ya iya karanta abin da ke jikin kwalba. To, ya karanta ɗin. Ya rufe hanci da baki, ya sa takalmi da riga mai dogon hannu, kada ya fesa yana fuskantar iska, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci. Kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta a binne, kada ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha.

Yanzu mu zo ga rumbu, inda ainihin maganar take. Dawa ana girbe ta a Nuwamba da Disamba. Daga nan zuwa sabon hatsi na farko wata takwas ne ko tara. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Gida mai mutum goma da yake cin tiya 2 a rana yana bukatar tiya 60 a wata, wato buhu ɗaya da rabi idan buhu tiya 40 ne. A shekara buhu 18 ke nan, ban da iri, ban da baƙi, ban da biki. Manomin da ya sami buhu 25 yana ganin ya tsira. Amma daga cikin wannan hatsin ne zai sayar ya yi Kirsimeti, ya biya kuɗin makaranta na Janairu da na Afrilu, ya sayi taki a Yuni, ya kai mara lafiya asibiti. Yana sayarwa da kaka lokacin da kowa yake sayarwa, farashi yana ƙasa. Idan rumbu ya ƙare a Yuli, zai koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, farashi yana sama. Wanda ba shi da kuɗi kuma sai bashi: a ba shi buhu ɗaya da damina, ya biya ɗaya da rabi ko biyu da kaka. Ko kuwa ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a gonar wani domin ya samo abin da za a ci yau, ciyawa ta cinye tasa, baɗi yunwar ta zo masa da wuri fiye da bana. Wannan ita ce hanyar da gida mai rufin asiri yake bi ya talauce, kuma a cikin makonnin dogon hutu take faruwa.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa wasa da rumbu. Akwai gidajen da har yanzu maigida kaɗai yake hawa ya ɗebo, kuma ba a buɗe babban rumbun gandu sai an fara aikin gona, domin mai noma ya sami abin da zai riƙe cikinsa. Kafin nan da hatsin gayauna ake lallaɓawa. Ɗalibi yana iya ganin wannan kamar rowa ce, alhali lissafi ne na mutumin da ya taɓa ganin rumbu wayam a watan bakwai.

A nan ne gwanintar iyayenmu mata take bayyana, kuma a ganinmu ba a yaba musu yadda ya kamata. Damina tana hana hatsi amma tana ba da ganye. Tafasa tana fitowa a bakin kowace hanya, ga rama, ga zogale, ga yaɗiya, ga alayyafo, ga ganyen wake da na kabewa. Uwa takan dafa tafasa ko rama ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, yara su ci da rana su ƙoshi ba a taɓa rumbu ba. Da tiya guda ta tsaki da ganye mai yawa takan yi faten da zai ishi gida duka, inda tuwo zai ci tiya biyu. Ta san ranar da za a yi tuwo domin gobe akwai huɗa, ta san ranar da fate zai isa. Idan abin ya yi tsanani, ita ce take buɗe nata rumbun, ko ta sayar da kazarta ko akuyarta, sau da yawa ba tare da yara sun sani ba. Muna roƙon ɗalibanmu, musamman waɗanda suka saba da shinkafa da wake a ɗakin cin abincin makaranta, kada su yatsine fuska ga kwaɗon rama. Ban da haka ma, malamin kimiyya zai gaya muku ganyen nan yana da abubuwan gina jiki da ƙara jini waɗanda farar shinkafa ba ta da su.

Ina ikilisiya a cikin wannan duka? Abu na farko da take yi shi ne ta tsayar da aiki rana ɗaya a mako. Mutumin birni ba zai gane nauyin wannan ba. A ce an yi kwana goma ba ruwa, sai aka yi shi daren Asabar, ƙasa ta yi laushi daidai zuba taki, ga maƙwabta sun fita tun da asuba, kai kuwa ka sa rigar Lahadi ka nufi majami'a. Dattawa sun yarda a ba dabba abinci, a tare ruwan da ya shigo ɗaki, a kai mara lafiya asibiti, amma ba a ɗaukar fartanya. Ko ta fuskar jiki ma akwai hikima a ciki, gama wanda ya yi kwana shida a sunkuye da rabin ciki yana bukatar na bakwai. Sujadar damina tana da nata kamanni. Mutane suna zuwa da takalmi a hannu saboda taɓo, waɗanda ke hayin rafi wani lokaci ba sa samun ƙetarewa, idan kuma ruwa ya sauko a kan kwanon rufi sai mai wa'azi ya haƙura a yi ta waƙa har ya tsagaita. Baiko yana raguwa ƙwarai a Agusta. A madadin kuɗi sai a ga an kawo kuɓewa, ko ƙwai, ko masarar fari da ta nuna a bayan gida.

Abu na biyu shi ne gayya. Gayya ba ikilisiya ce ta ƙirƙiro ta ba, tun kakanni ake yin ta, mai gona ya kira jama'a, ya yi abinci da giya, makaɗa suna kiɗa ana noma. Abin da ikilisiya ta yi shi ne ta cire giyar ta sa kunu, sa'an nan ta juya gayyar zuwa ga waɗanda ba su da abin kiran ta. Bayan sujada sakatare yakan yi sanarwa cewa ran Talata matasa za su gonar gwauruwa wance, ran Alhamis Zumuntar Mata za su gonar Baba wane da ke kwance a asibiti. Mutum ashirin suna gama maimai na gona guda kafin azahar. Haka ake noma gonar fasto ko ta mai bishara, wanda albashinsa ba ya kai shi ko'ina, da gonar ikilisiya ita kanta. Hatsin gonar ikilisiya, da wanda aka tara ranar godiyar kaka, a wurare da dama ana ajiye wani kashi nasa har damina, dattawa su fitar a ba gidajen da suka rasa, ko a ranta musu buhu a biya buhu, ba ƙari. Ikilisiyar da take yin haka ta ƙwace mutanenta daga hannun mai ba da buhu a karɓi biyu. Wadda kuwa take sayar da hatsin godiya duka a Disamba domin a sayi lasifika ko a shafa fenti, muna ganin dattawanta su sake dubawa. Labarin Yusufu da rumbunan Masar yana cikin Littafin Farawa sura 41, kowane ɗan makarantar Lahadi ya san shi.

Gayya tana ja da baya, kuma ya kamata a faɗi dalili. Maganin kashe ciyawa ya sa mutum ɗaya da injin feshi yana yin aikin mutum goma. Wannan sauƙi ne, ba mu ƙi shi ba. Sai dai mai kuɗin sayen magani ya daina bukatar maƙwabtansa, saboda haka shi ma ba ya jin dole ya je tasu. Wadda aka bari a baya ita ce gwauruwar da ba ta da kuɗin magani, ba ta kuma da 'ya'ya maza a gida. Ƙungiyar matasa da ta gane haka tana iya haɗa kuɗi ta sayi maganin ta fesa mata, ya zama gayya ce a sabuwar riga. Ɗalibai da suke gida a lokacin hutu su ne ƙarfin irin wannan aiki, gama su ne suke cika ƙungiyar mawaƙa da ta matasa a watan Agusta, su ne kuma suke koyar da ƙananan yara a makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu inda ake yin ta.

Zumuntar Mata ta cancanci a ambace ta dabam. Baƙo yana ganinsu ran Lahadi da zane iri ɗaya, suna waƙa da tulu da caki, ya ɗauka aikinsu ke nan. Amma su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Namiji yakan ɓoye rashinsa ko ga ɗan'uwansa, mace kuwa tana ganin tukunyar maƙwabciyarta. Sukan kai tiya ɗaya ko biyu da dare, a cikin zane, da sunan an zo gaisuwa. Su ne suke zama da mai jego, su yi mata surfe da ɗiban ruwa, su ne kuma suke dafa abincin makoki, wanda ba ya jiran kaka.

Makoki kuwa yana yawa da damina, kuma yawancinsa na yara ne. Ruwa ya kwanta a kowane rami, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro yana kama yaron da dama bai ƙoshi sosai ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata a lokacin damina a ƙasashe irin namu, kuma ma'aikata suna bi gida gida da shi. Maganin na kwana uku ne: ma'aikaci yana ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Nan ne ake yin sakaci, domin uwa ta tafi gona ta manta. Yayar da ke sakandare tana iya riƙe wannan aiki, ta kuma tabbatar ƙannenta suna kwana cikin gidan sauro, ba an shinge lambu da shi ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira a gama huɗa. Amai da gudawa ma na lokacin ne, saboda ruwan sama yana wanke ƙazanta zuwa cikin rijiyar da ba ta da baki. Idan babu ƙullin gishiri da sukari na asibiti, a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti. Wanda maciji ya sara a gona kuma, kububuwa ce ko kasa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Sai marka, kwanakin da ruwa yake sauka ba ƙaƙƙautawa, rana ba ta fitowa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakin girki. Katangar ƙasa da ba a yi wa yaɓe da rani ba a lokacin take faɗuwa, sau da yawa da dare. Maigida mai lura yakan zaga da tocila ya duba gindin bango da indararo, ya fitar da yara daga ɗakin da ya tsage.

Ba za mu rufe ido ga abin da ya sauya damina a waɗansu ƙauyukan nan ba. Saɓani da makiyaya a kan ɓarna tsohon abu ne, kuma a dā mai unguwa da arɗo sukan zauna su kimanta asara a biya, da kaka kuma shanun su shiga gona su ci kara su bar taki. Abin da ya zo daga baya dabam ne. Musamman daga 2019, 'yan bindiga masu satar shanu da mutane sun addabi yankuna da dama na kudanci da yammacin Jihar Katsina da arewacin Kaduna, kuma ba su bambanta Kirista da Musulmi. Inda abin ya taɓa, an bar gonakin nesa, an sayar da shanun huɗa kafin a kore su, hatsin da aka tara domin damina ya tafi wajen fansar ɗan'uwa. Akwai ɗaliban da iyayensu suke cewa su yi hutun a wurin dangi a gari. Idan abokin ajinku bai je gida ba, ku san ba lallai ƙin noma ne ya hana shi ba.

Wajen ƙarshen Agusta abubuwa sukan fara sauƙi. Masara ta yi goyo, ana gasawa a bakin murhu. Inda ake shuka gero, wanda yake nuna cikin kamar kwana 90, yara suna karyo tumu su babbaka. Sabuwar gyaɗa ta shigo, ga dankali, ga kabewa. A gidaje da yawa ba a fara cin sabon amfani sai an kai nunan fari majami'a an yi addu'a. Amma a daidai wannan lokaci ne takardar makaranta take fitowa daga ƙasan akwati. Dawa ba ta nuna ba, waken soya da auduga da sauran lokaci, masarar da aka karya ɗanya ce, mai saye zai taya ta da arha. Saboda haka kuɗin zangon Satumba shi ne mafi wuyar samu a cikin ukun. Yawanci akuya ce take biyansa, ko ragon da uwa ta yi shekara tana kiwo, ko adashin Zumuntar Mata, ko ƙwadagon da ɗalibin ya yi da yammacin ranakun hutu. Gidan da yake da yara uku a makaranta wani lokaci sai ya zaɓi wanda zai koma a ranar buɗewa da wanda zai jira kaka, kuma mun lura sau da yawa 'ya mace ce ake cewa ta jira. Muna roƙon iyaye da dattawan ikilisiya su zo su yi magana da hukumar makaranta tun kafin ranar, gama yarinyar da ta rasa zangon farko ba kullum take dawowa ba.

Ranar komawa, uwa takan ɗaure wa ɗanta ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da yaji da ɗan garin kunu, uba ya kai shi bakin titi a kan babur, akwati a gaba. Dawar da ya yi wa huɗa tana tsaye ta fi shi tsawo, ba ta ko fitar da kai ba. Sai ya dawo hutun Kirsimeti zai ga dami nawa ta bayar.